Baƙin Fentin Yaya

Yayana direba ne tun kafin in yi wayo. Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna, kuma tazarar da ke tsakaninmu mai yawa ce, shi ya sa ban taɓa kama sunansa ba, Yaya kawai nake cewa. Lokacin da na fara koyarwa a wata firamare a cikin garin Birnin Gwari, shi yana da wata tsohuwar a-kori-kura fara mai jan ƙafa huɗu. Da ita yake kai takin zamani Kusasu da Kakangi a farkon damina, da kaka kuma ya ɗebo masara da dawa. Ba kowace mota ce ke iya hanyoyin nan ba. Da damina laka ce da rafuka a cike, da rani kuwa duwatsu ke tashi suna dukan cikin mota.

Takin ne ya fara cinye motar. Da buhu ya ɗan yage ruwa ya taɓa shi, sai ya narke ya kwanta a bayan motar, daga nan sai tsatsa. Bayan ya yi rami-rami har mutum na hango ƙasa ta ciki. An yi walda an sake, abu ya ƙi. Wata rana ya je Kaduna sayen kayan gyara, sai ya ga wata mota a gareji an fesa wa bayanta wani baƙin fenti mai kauri da kaushi, kamar bayan kada. Ya sa farce ya kankara, bai ko nuna alama ba. A garejin ya yini yana kallon yadda ake yi. Da zai dawo ya taho da galan-galan na fentin, da tsohon injin iska, da bindigar feshi.

A unguwarmu na yi aure, kullum in na tashi daga makaranta sai na biya na gaida Inna, don haka feshin farko a kan idona aka yi shi a ƙofar gida. Yaya ya wanke motar tas, ya tayar da janareta, ya kama feshi ba ji ba gani. Har salansa bai bari ba. Warin ya cika gidan, kajin Inna suka yi ɗigo-ɗigon baƙi a fukafukai, ta fito tana toshe hanci da gefen zani.

"Wannan wane irin kwalta ka kwaso mana?"

"Maganin tsatsa ne, Inna."

"To ka yi maganinta can nesa da tukunyata."

Washegari kafin ya kai ƙauyen Saminaka salansar ta ɗau zafi, fentin ya fara ƙonewa, hayaƙi ya turnuƙe, fasinjoji suka yi ta dirowa suna salati. Na bayan motar kuma bai daɗe ba ya fara ɓarewa falle-falle kamar ɓawon rogo. Ashe ƙarfe sai an goge shi da samfefa ya yi kaushi, an share da tina, ruwan tsinka fenti, an cire duk wani maiƙo, sannan fentin ke kama shi. Shi kuwa da ya isa garejin an riga an gama gugar, feshin kaɗai ya gani. Abokansa direbobi suka samu abin dariya a tasha. Shi ma ya taya su, sannan ya dawo ya kankare komai ya fara daga farko.

A karo na biyu ni na kawo masa tsofaffin takardun jarrabawa daga makaranta, ya rufe fitilu da kan notuna da duk inda ba ya son fentin ya taɓa. Ya koyi dama shi kaɗan-kaɗan, domin akwai wani ruwa a ƙaramin gwangwani da ake zubawa a ciki, da ya shiga fentin zai fara daskarewa, in ka yi sanya ya bushe maka a bindiga. Wannan karon ya kama. Ya bi cikin madigadi da bamba da matakala duk ya fesa. Buhuna suka daina zamewa a gangara, awaki ma suna samun wurin kafa ƙafa. Mata ne kawai suke ƙorafin yana ɗaukar zafin rana, sai ya riƙa shimfiɗa musu tabarma.

Da daji ya lalace, direbobi da yawa suka daina shiga ƙauyuka. Yaya ya rage, amma bai daina ba, ya ce mutanen can da shi suka dogara. Wata safiya a hanyar Kakangi 'yan bindiga suka fito masa a kan babura. Sun harbe shi a gwiwar hagu, suka kwashe kayan, suka cinna wa motar wuta. Manoman da ke kusa ne suka fito bayan an tafi, suka ɗauko shi a amalanke har inda aka samu mota. Ya rayu, amma ƙafar ta sandare, ba ta lanƙwasuwa balle ta danna kuloci.

Bayan an sallamo shi daga asibiti, sai ya koma wani mutum daban. Mutumin da in ya shigo gida har maƙwabta sai sun sani, ya zama sai ya yini a zaure bai ce uffan ba. Rediyon da ba ya rabuwa da ita ya ba yara. Matarsa, wadda nake kira Anti, ta fara suyar awara a ƙofar gida, in ta kawo masa ya ɗan taɓa ya ture. In na zauna kusa da shi ina ba shi labarin makaranta, sai ya gyaɗa kai yana kallon bango. Injin iskar yana nan a kusurwar zauren an lulluɓe shi da buhu, kaji na kwana a kai.

Wanda ya tayar da shi wani manomi ne ɗan Gbagyi daga Kusasu, Kirista, dattijo mai yawan raha, wanda Yaya ya daɗe yana ɗauko wa amfanin gona. Shi ma rikicin ya koro shi da iyalinsa cikin gari. Ya zo ranar wata kasuwa da kariyar ɗaura kaya ta babur ɗinsa da madigadi a hannu, tsatsa ta ci su ja wur. Ya yi sallama, ya gaida Inna, ya ajiye su a gaban Yaya.

"Direba, wannan baƙin abin naka nake so ka sa mini."

"Na bar wannan aikin, Baba."

"Da ƙafa kake fesawa?"

Dattijon bai ƙara magana a kai ba, ya shiga labarin gonarsa da ya baro, da yadda doyarsa ke can ba mai tonawa. Da zai tafi ya bar ƙarafan a nan. Duk ranar kasuwa sai ya dawo, ya zauna, ya sha ruwa, ya yi hirarsa, ya kalli ƙarafan ya ce, "Babur ɗina dai yana can tsirara," ya tafi.

Wata rana na taso daga makaranta, tun daga bakin lungu na jiyo ƙarar guga. Na tarar da Yaya a kan 'yar kujera, ya miƙe ƙafar a kan turmi da aka kife, madigadin na kan cinyarsa yana bin sa da samfefa. Anti tana gefen kaskonta ta juya masa baya, ta yi mini ido kada in ce komai. Na wuce ciki. Inna na zaune a bayan ƙofa tana sauraron ƙarar, carbi a hannunta, hawaye na bin fuskarta.

Da aka gama feshin, dattijon ya yi yawo da babur ɗin nan a gari kamar wanda ya sayi sabo. Daga nan 'yan acaɓa masu shiga ƙauye suka fara zuwa, sai masu amalanke, sai tsofaffin abokan Yaya na tasha da motocinsu. Ya iya gaya wa kowa gaskiya. In mutum ya ce a fesa masa har kan inji ko sifirin da ke ƙarƙashin mota, sai ya ce a'a, wancan zafi zai ƙona shi, wannan kuma lanƙwasuwa zai tsattsaga shi. Magana ta dawo bakinsa, har faɗa ya dawo. Da tari ya fara damunsa, wata ma'aikaciyar jinya ta ce warin ne, na sayo masa takunkumi mai kyau, Anti kuma ta ce in bai sa ba ba za ta tayar masa da janareta ba.

Ana cikin haka ne wasu samari biyu suka zo da hantsi, ranar ba makaranta ina gidan Inna. Ba wanda ya san su. Suka zazzage buhu a gabansa: tankunan babura ne da madigadai, sababbi fil, suna ɗaukar ido. Yaya ya juya ɗaya a hannu.

"Waɗannan ai ba su yi tsatsa ba."

"Ba don tsatsa ba ne," in ji dogon cikinsu. "Ƙyallin muke so a kashe. An ce naka ba ya sheƙi ko an haska shi."

Ina tsaye a ƙofar cikin gida, ina kallon Yaya. Ya ajiye tankin a hankali, ya ce su yi haƙuri, ruwan da ke busar da fentin ya ƙare, sai an aiko daga Kaduna. Ɗayan ya sunkuya ya ɗaga galan ɗin fentin ya girgiza, ya ce ai ga shi cike. Yaya ya ce wannan shi kaɗai ko shekara zai yi ba zai bushe ba. Ƙaramin gwangwanin kuwa yana ƙarƙashin kujerarsa, babbar rigarsa ce ta rufe shi. Suka tsaya suna kallonsa, suna kallon ƙafar. Daga baya dogon ya ce za su dawo, suka mayar da kayansu a buhu suka tafi.

Da suka sha kwana, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Ya sa aka riƙa shi har gidan mai unguwa ya faɗa masa abin da ya faru. Ya rufe aikin, aka mayar da injin cikin ɗaki. Inna ta ce ya bar sana'ar gaba ɗaya, ba za ta sake zaman asibiti ba. Duk babur ɗin da ya tsaya a lungu sai gabanmu ya faɗi.

Na ce masa, "Yaya, ƙila fa 'yan sa-kai ne. Su ma ai ba sa son a hango su a daji."

"Na yi wannan tunanin, ƙanwata. Shi ya fi damuna. In masu tsaronmu ne, na yi musu ƙarya na kore su. In kuma 'yan bindiga ne, da na yi musu, da hannuna zan gyara abin da za a tare wani direban da shi."

Samarin ba su dawo ba, har yau kuma ba mu san ko su wane ne ba. Da zaman ya ishe shi, wani mai walda a bakin tasha ya ba shi gefen rumfarsa, inda jama'a ke kai-kawo. Ya koma aiki a can, da sharaɗin duk baƙon da zai kawo babur sai ya zo da wanda aka sani. Wasu sun ji haushi, wasu sun ce ya cika tsoro. Bai kula su ba.

Da al'amura suka ɗan lafa, dattijon ya koma Kusasu da iyalinsa. Bayan kaka sai ga shi ya zo da wata buƙata: manoman ƙauyen sun haɗu sun samu tirelar tarakta, suna so a fesa mata kafin lokacin taki, kuma kawo ta gari wahala ne. Yaya ne zai je. Tun ranar da aka harbe shi bai ƙara fita daga gari ba. Ya ce zai yi shawara. Inna ta ce ba da yawunta ba. Anti kuwa na ga ta wanke masa rigar aiki ta shanya.

Da sassafe aka ɗora injin da janareta a bayan motar wani abokinsa, aka tura kujerar gaba baya don ƙafar ta samu wuri. Inna ta fito har ƙofar gida ta yi masa addu'a duk da fushinta. Ranar a aji na yi ta duba waya, yara suna karatu ban san me suke cewa ba.

Kafin magariba suka dawo, da doya da kaza a bayan mota, hannuwansa baƙi ƙirin. Muka kewaye shi muna tambayar yadda hanya take. Ya wanke hannu, ya sha ruwa, ya ce an yi aiki lafiya, mutanen ƙauye suna gaida Inna. Da Anti ta tambaye shi ko ya ji tsoro, ya ce ya ji, musamman inda itatuwa suka haɗe sama, amma abin da ya fi ɓata masa rai shi ne tuƙin abokin nasa, wanda ke shiga rafi da babbar giya kamar bai taɓa ganin laka ba. Ya ce gobe sai ya same shi a tasha sun yi maganar. Sannan ya ce a zubo masa tuwo, yunwa yake ji.