Faifan da Ba Mu Ba Baƙuwa Ba

Duk lokacin da ruwan damina ya fara dukan kwanon rufi, ni dai Kaka nake tunawa, zaune a bakin ƙofar ɗakinta a unguwar Nima, ta miƙe ƙafa, kaba na jiƙe a cikin kwano kusa da ita. Idan ka taɓa zama a gidan haya na Zango, ka san yadda ƙarar ruwa kan rufe bakin kowa. A irin wannan lokacin take jin daɗin saƙa, don babu mai damunta da surutu.

Faifai take yi. Kabar daga Arewa ake sako mata a motar albasa, ta rina da kanta. Tana da wani zane da ta koya wurin mahaifiyarta, wai shi sawun zabuwa, baƙi da ja suna bin juna har bakin faifan. Ba wanda ya koya a gidanmu. Gwaggo, ƙanwar babana, tana sayar da atamfa, ta ce bayanta ba zai ɗauki wannan zaman ba. Ni kuma ina 'yar shekara goma sha ɗaya, da na ga ta ɗauko basilla sai in tuna ina da aikin makaranta. Takan ce, "Tafi can, malalaciya, yatsu kamar rogo." Dariya muke yi, amma idanunta sun fara dushewa, kuma ta san abin zai bi ta kabari.

A wata damina Kawu, mai sayar da kayan hannu a kasuwar bakin teku, ya zo da baƙuwa. Doguwa ce, 'yar Botswana, ta zo baje kolin sana'a tare da wasu mata. Ta ga faifan Kaka a rumfarsa, ta nace sai an kai ta wurin mai shi. Ashe su ma can da ganyen wani irin goriba suke saƙa kwanduna. Ta ɗora wa Kaka nata a cinya, ta ce sunan zanensa hawayen raƙumin dawa. Ni ce tafinta da ɗan Turancina na firamare. Kaka ta shafa kwandon ta daɗe, sannan ta matsa mata a tabarma.

Mako uku tana zuwa. Bayan kwana biyu ma sun daina neman tafinta. Kaka ta kama yatsun baƙuwar ta ɗora inda ya kamata, idan ta yi kuskure ta ɗan buge mata hannu, su fashe da dariya. Ita ma ta nuna wa Kaka yadda suke rufe bakin kwando. Ban taɓa ganin tsohuwar nan cikin farin ciki irin na kwanakin ba, har abinci ta koma ci sosai.

Sai dai sawun zabuwa ba ya koyuwa a mako uku. Ana gobe za ta tafi, baƙuwar ta roƙi tsohon faifan da ke rataye a ɗakin Kaka, wanda zanen ya fi fita a jikinsa, don ta riƙa dubawa a gida. Ya yi baƙi da hayaƙi, gefensa ya cinye. Kaka ta amince nan take, ta ce in naɗe mata shi da kyau.

Gwaggo ta tare ni a bayan ɗaki. "Ke, wannan tsoho abu paa za mu ba baƙo? Ya je garinshi ya ce mutanen Zango ba su da komai koraa? Kawo nan." Ba mugunta ba ce. A gidanmu ba a sallamar baƙo da abin da ya tsufa, abin kunya ne babba. Ta je Kasuwar Malam Atta ta sayo sabo fil, na zaren roba mai ƙyalli, muka naɗe a ƙyallen atamfa muka ɗaure tam. Tsohon kuwa ta ce in ɓatar da shi, kada Kaka ta lalubo. Ni na kai shi babbar gota, kwatar unguwarmu, ta cika da ruwan sama, na jefa. Na ma ji daɗi a ranar, ina ganin mun fitar da gidanmu kunya.

Baƙuwar ta karɓi ƙunshin hannu biyu, ba ta buɗe ba, ta rungume Kaka tana hawaye.

Bayan wata biyar saƙo ya iso ta hannun Kawu. Ƙaramin faifai ne da baƙuwar ta saƙa, da gajeriyar wasiƙar godiya wadda ba ta ambaci faifan robar ba. Lokacin ganin Kaka ya kusa ƙarewa. Ta ɗora yatsa a cibiyarsa ta fara bi. "Ta fara daidai," in ji ta. Ta ci gaba, fuskarta na sakewa, sai yatsan ya tsaya cak. "A nan ta ɓace. To me ya hana ta duba wanda na ba ta?" Gwaggo ta tashi wai za ta duba tukunya.

Kaka ta sa aka jiƙa mata kaba za ta yi wani a aika, amma launi ya daina rabuwa a idonta, ta ajiye. Ba ta ga wata daminar ba.

Yau gidan an rushe shi an yi shaguna, faifan roba kuma ko'ina ka duba a Maamobi, maƙwabciyar unguwarmu, ga shi nan, ba mai tambayar wa ya yi. Na wuce shekarun Gwaggo na wancan lokaci. Rasuwar Kaka na saba da ita, kowa zai tafi. Abin da ya ƙi sakina shi ne maganar da ta riƙa yi a watanninta na ƙarshe, cewa ta yi zaton ta sami ɗiya, ashe matar ma wasa ta ɗauki abin. Mutum ɗaya tak ya taɓa zama ya miƙa mata hannu don ya koya, kuma da fushin wannan mutum ta koma ga Allah. Sau uku ta faɗa a gabana, ina matsa mata ƙafa, ban ce mata ni ce ba.