Lado Mai Hana Zana Bugu

Da hantsi za ka ga Lado yana bin lambunan bakin rafi da ke tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, jakinsa ɗauke da damin kara da igiyar rama, 'yar wuƙa a ƙugunsa. Ba ya yin sallama sai ya tsaya bayan danga ya saurara. In ya ji zana tana bugun dirka, wato icen da ke riƙe da ita, sai ya sauke kaya ko ba a kira shi ba.

Baƙo zai ce wannan ƙaramin aiki ne. Mu da muke nan mun san ba haka ba ne. Nasara, wato Turawa, sun zo, an ce hari ya ƙare, amma kunnuwanmu ba su yarda ba tukuna. Ta bayan danga mahara suke zuwa, kuma abin da ake fara ji shi ne zana ta yi fat. Har gobe, iska in ta taso, sai ka ga mace ta saki guga ta ruga.

Yahanasu ta fi kowa sanin wannan tsoro. A lambunta na albasa aka ɗauke ɗanta Sada da rana tsaka. Ta ji zana ta buga, ta ce iska ce, ta ci gaba da ban ruwa. Yanzu abin da ya rage mata shi ne jikarta Ma'u, marainiya mai rarrafe, wadda take kwantarwa a inuwar danga in za ta yi aiki. Da bazara ta kama, zana ta dinga bugu wuni guda. Kowane bugu sai ta sheƙa ta duba yarinya, ta dawo, a sake. Albasa ta fara bushewa. Ta yi niyyar barin lambun, alhali daga shi suke ci.

Ran nan ta ga Lado, wanda taubashinta ne, yana sauke kara.

Ta ce, "Kai da hannunka ke rawa, kai za ka hana zana rawa?"

Ya ce, "To, uwar tsoro, riƙe mini nan. Surutunki ma ya fi na zanar."

Ya kwance tsohon ɗauri duka. Ya kafa dirkar da ta yi sako-sako, ya daddanne gindinta da dutse. Ya cusa ciyawa tsakanin zana da ice, ya jera kara ciki da waje, ya tanke su sama da ƙasa da tsakiya. Sannan ya sa yatsa ya buɗe 'yan kafofi a saƙar.

Ta ce, "Wayyo, ɓarna kake mini!"

Ya ce, "Ƙofar iska ce. In kin ba ta hanya, wucewa za ta yi shiru. Daga yau, Yahanasu, in kin ji motsi a dangar nan, kada ki ce iska ce."

Bayan 'yan kwanaki hadari ya haɗo da la'asar. Iska ta dinga kaɗa itatuwa, danga kuwa tsit. Yahanasu tana duƙe a bakin ruwa sai ta ji karce a gindin zana, daidai inda Ma'u ke barci. Ba ta tsaya tunani ba. Ta suri yarinyar, ta faɗa cikin rafi, ruwa iya ƙirji, ta ɗaga ta bisa kai tana kururuwa. Sai ga mahaukacin kare ya kutso ta ƙasan danga, baki na dalala, ya tsaya a kan zanen da aka ɗauke Ma'u daga kansa yanzu-yanzu. Ruwa ya hana shi ƙarasowa. Ɗanjuma da Rabe, masu lambunan maƙwabta, suka zo da sanduna suka gama da shi. Su suka ba ni labari.

Kai ne, Lado, ka sa ta ji. Kai ne ka raba mana ƙarar iska da ƙarar mugun abu, a ƙasar da ta daɗe ba ta iya bambancewa. Ba ka taɓa riƙe mashi ba, amma ka tsare mu.

Yanzu ƙarfinsa ya ja baya, ya ce daga wannan damina ya bar yawo. Mun gode, Baba Lado, Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka gama lafiya. Ku kuma samari, ku je ku zauna kusa da shi tun hannun yana iya nuna ɗauri, kada ku raina kara da igiya.

Jiya na bi ta lambun Yahanasu, iska tana ta kaɗawa. Ma'u tana barci a inuwa, kakarta kuwa ta juya wa danga baya, tana ban ruwa.