Man zaitun da Inna

"Buɗe baki, Inna," na ce, ina riƙe da cokali. Ta dube ni kamar baƙon da ya ɓata hanya.

Cikin shekarun 1990 ne, ina tuƙa motar foroje, wato wani aikin raya karkara, a garin Keita. Mantuwa ta kama mahaifiyata har sunana ya ɓace mata. Wani ɗan Italiya da muke aiki tare ya ba ni kwalbar man zaitun, ya ce ɗacin nan mai ƙaiƙayin maƙogwaro shi ke kare ƙwaƙwalwa. Kullum da safe sai in ba ta.

Rannan ta haɗiye, ta yi tari, ta yamutsa fuska.

"Kai Isuhu ne."

Na ajiye cokalin. "Kin gane ni, Inna?"

"Ban gane ka ba. Amma cikin ɗiyana shi ɗai ne ba ya jin magana. Kullum ina ce maka ban so."

Ko man ya yi aiki, Allah masani. Kafin lokacin kaka ya zo, Inna ta rasu. Amma da sunana ta riƙa kirana har ƙarshe, galibi don ta yi mini faɗa.

Ku fa, da wane hali iyayenku za su gane ku?