Gwangwanin Ƙasar Mama Christina

Kafin masu tura ruwa su shigo sansanin Kuchigoro da ke Abuja, Mama Christina ta riga ta share ƙofar majami'ar langa-langa da 'yan gudun hijira suka kafa. Tana shara tana waƙar gidan da ke sama, da muryar nan tata da ba ta taɓa tafiya daidai da ta kowa ba. 'Yan Zumuntar Mata sun gyara har sun gaji sun ƙyale ta. Daga nan sai ta bi ɗaki-ɗaki duba marasa lafiya. In an yi rashi, ita ce mai wankan gawa.

Shekara shida tana wannan aiki, manyan motoci na wucewa ta titin filin jirgi, babu mai waiwayowa.

Ranar da 'yan bindiga suka ƙone ƙauyensu a gindin duwatsun Borno, ta binne mijinta Yamusa da hannunta, ta ɗaure ƙasar kabarin a bakin zane, ta gudo. A Abuja ta juye ta a gwangwanin madara. Mutanenta ba mutuwa suke tsoro ba kamar kwanciya a ƙasar da ba tasu ba. Saboda haka duk wanda ya rasu a sansanin, sai ta ɗebo 'yar kaɗan ta barbaɗa a kabarinsa. Na ga tsofaffi suna roƙonta kada ta manta da su.

Ƙasa ta yi ta raguwa har saura abin da bai cika cokali ba. Kowa ya san wannan tata ce.

Sai Wakili ya mutu. Shi ne maƙwabcin da aka ɗora wa bindiga a wuya ya nuna gidajen dattawan majami'a, har da na Yamusa. Shekarunsa a sansanin bencin baya yake zama a majami'a, ba mai ba shi hannu. Ranar biso mutum bakwai suka zo, ni ma kunyar fasto ce ta kai ni. Ana shirin rufe kabari sai ga ta da gwangwani. Rosemary, 'yar ƙanwarta, ta riƙe mata hannu tana kuka, tana tuna mata wanda ke kwance a ciki.

"Na sani, 'yata," in ji ta. "Akwai ranar shari'a, kuma zan tsaya in ji yadda za a yanke. Amma ba ni ce alƙali ba."

Ta kife gwangwanin, har da bubbuga gindinsa. Na ji haushi a ranar, ba zan ɓoye ba. Yanzu kunya nake ji.

Mama, ke ce uwar marasa gari. Ba ki ce abin bai yi miki ciwo ba, ba ki ce kin manta ba. Kin miƙa ƙararki inda ba a ɓatar da ita, kin koma bakin aikinki.

Bana gwiwoyi sun ƙi, ta miƙa wa Rosemary aikin. Mun gode, Mama, Ubangiji ya saka miki. Mu da ke da ƙafa, mu leƙa Kuchigoro, mu ɗauki abin da ta ajiye.

Na tambaye ta me za a zuba mata in lokaci ya yi. Ta harare ni.

"Ku sa ni inda kuka samu wuri. Ni gida zan tafi."