Allon da ba ya ƙarya

"Wannan ba 'yarmu ba ce," in ji wata Hajiya, tana nuna hoton da ke kan sabuwar kwamfutata.

Sati uku na yi ina zaɓen kwamfutar tebur ɗin nan saboda shagona na hoto a Daura. Tsohuwar kwamfutata allonta ya lalace, kowa fari yake nuna shi. Mai sayarwa ya nuna min masu araha, na ƙi. Na dage sai mai allon da ke fitar da launi yadda Allah ya yi shi.

Aikina na farko da ita, hoton wata amarya daga Sandamu. Baƙa ce kyakkyawa, fatarta har sheƙi take. Hajiyar gwaggonta ce, tare suka zo dubawa.

Na ce, "Hajiya, wallahi ita ce. Ban taɓa komai ba."

"To ai laifinka ke nan! Dangin ango fa za su gani. Ka mayar da ita fara."

Na juya wajen amaryar, ina jiran ta goyi bayana. Ta daɗe tana kallon fuskarta a allon, sannan ta sunkuyar da kai.

"Malam, ka ƙara hasken. Da yawa."

Na yi ta ƙarawa har ta koma wata daban, sannan suka yi murmushi.

Da na sani da tsohuwar na riƙe. Ita da kanta take ƙaryar, ba sai da hannuna ba.

Don Allah ku faɗa min, wa ya koya wa yarinyar nan ƙin fuskarta?