Kwalin da Baba Ke Shimfiɗa wa Mota

Ranar da Baba ya miƙa mini makullin tsohuwar motarsa, magana ɗaya ya haɗa mini da shi: "Kada ka canza mata mai. Wanda ta saba sha, shi za ka ba ta."

Ya fi shekara ashirin yana jigila da ita tsakanin Daura da Babban Mutum, kafin ido ya gaza ya koma gida ya zauna. Baƙin man da ta saba sha shi ne mai kaurin nan da ake aunowa daga duro. Ni kuwa malamin makaranta ne, ina da ciwon 'yan boko: in na karanta abu a waya, na fi kowa sani. Na karanta labarin wani mai da ake kira sintetik, tsinkakke, mai daɗewa, mai wanke inji. Na sayo galan guda ina hura hanci.

Bakanikena ya jujjuya galan ɗin ya ce, "Malam, man nan mai kyau ne, ba ƙarya. Amma motar nan dattin cikinta ke riƙe da ita. Robobinta sun mutu tuntuni, dagwalon da ya daskare ne ya toshe kafofin. In wannan ya wanke shi fa?" Na ce ya zuba kawai. Ya ce, "To, motarka ce."

Sati biyu tana tafiya sumul. Sai wata safiya na ga ɗigo uku a ƙasa inda ta kwana. Na tura ƙasa da takalmi na rufe.

Baba yana da wata al'ada. Duk Juma'ar da na je gaishe shi, sai ya tura kwali ƙarƙashin injin, in zan tafi ya jawo shi ya shafa da yatsa, tunda ido ba ya gani sosai. Tsoron kwalin nan ya sa na koma ajiye motar can bakin masallaci, ina cewa don inuwa ne. Ɗigo uku ya zama tafin hannu, tafin hannu ya zama faifai. Ina ƙara mai, ina cewa gobe zan kai ta gareji.

Wata Juma'a na tarar da shi kwance a zaure, yana dafe da ƙirji, gumi ya jiƙa masa riga. Babu wata mota a kusa. Muka kwantar da shi a kujerar baya, Inna ta ɗora kansa a cinyarta, na kama hanyar asibitin Daura da rana tsaka. Gaba ɗaya na manta ban duba mai ba tun Talata.

Mun wuce Zango kaɗan jar fitilar mai ta ƙifta. Ta mutu, ta sake kamawa, ta tsaya. Na kai hannu na rufe ta, kamar Baba zai iya hango ta daga baya. Can sai wani ƙwas-ƙwas ya taso daga injin, siriri, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da farce.

Daga kujerar baya na ji muryar Baba, da ƙyar: "Ka canza mata mai."

Na ci gaba da tuƙi.

"Tsaya. Kashe ta, za ka buga injin."

"Baba, saura kaɗan."

"Na ce ka tsaya."

Na taka wuta. Ƙarar ta koma kamar dakan turmi, warin ƙuna ya cika motar, Inna tana ta salati. Muna hango gidajen farko na Daura motar ta yi wata girgiza, ta yi shiru. Na gangara da ita gefen titi. Wata a-kori-kura da ta ɗauko raguna ce ta ƙarasa da mu, Baba a kwance tsakanin dabbobi, kuma mun fi rabin awa a rana kafin ta zo.

Likita ya fito yana goge hannu, ya tambaye ni me ya tsayar da mu a hanya. Sannan ya ce mu yi haƙuri, Baba ya cika.

Bayan sadakar uku na shiga zauren Baba. Kwalin yana jingine a bayan ƙofa inda yake ajiye shi kowace Juma'a, fes, babu ɗigo ko ɗaya a jikinsa.