Jarumin da ya ci da hagu

'Yan ajinmu, yau majigi ya kusa zubar mini da mutunci!

Bayan Magariba aka nuna kashi na biyu na jarumin zanen nan mai tashi sama. Filin Ajingi ya cika, muka zauna inda muka samu. Jarumi ya ceci gari, aka kawo masa abinci. Sai ya sa hagu!

Maƙwabcina Malam Sule ya tofar da yawu. "Tir! Ilu, karanta mana sunan ƙazamin nan."

Na kasa.

"Ashe yaƙi da jahilcin naka banza ne!"

Na daure, na ƙura ido. Haruffan a juye suke! Ashe bayan ƙyallen majigin muka zauna.

Na yi masa bayani cewa da dama jarumin ya ci, mu ne muke ganin komai a juye. Ya ce, "Ni dai hagu na gani. Tashi mu tafi!"